Yarinyar da Na Shayar a Stratford

Gidan Malam Uwaisu,
Stratford, London.
27 ga Yuni, 1976.

Zuwa ga Yayata Karimatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙanwa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana, ya sassauta mata ciwon idon nan, ya jiƙan Baba ya sa yana cikin rahama. Yaya damina a Kano? Ina fatan an gyara indararon ɗakin Inna kafin ruwa ya kankama, don bara kin ce har tabarmar sallarta sai da ta jiƙe.

Mu nan lafiya lau, sai zafi. Kada ki yi dariya, wallahi zafi ake yi a London, yau kwana biyar ke nan, irin wanda tsofaffin unguwa suka ce ba su taɓa gani ba. Turawa duk sun yi jajur, sun baje a kan ciyawa suna fifita da jarida, ni kuwa na shanya wanki da safe na kwashe shi kafin azahar, karo na farko tun zuwana ƙasar nan. Abba, mai sunan Baba, ya cika wata takwas, ya fitar da haƙora biyu na ƙasa, yana kuma rarrafe, sai dai da baya yake tafiya. Malam ya gama jarrabawarsa a makarantarsu ta Bloomsbury, an ce ya ci, alhamdu lillahi. Sautunki ma ya kammala: keken ɗinki, da tukwanen nan masu murfin gilashi, da leshin ƙanwarmu Luba. Tun da arzikin mai ya buɗe, duk wanda ya sauko daga jirgin Kano da doguwar takardar sautu yake zuwa, mu ne 'yan rakiya kanti-kanti. Amma taki ta fi ta kowa tsawo, har Malam ya tambaye ni ko shago za ki buɗe a Yakasai.

Yaya, takardarki ta ranar biyu ga wata ta iso, na karanta ta ban san sau nawa ba. Na gane abin da likitan ya faɗa: idon hagu ya tafi, na dama kuma ba yana ba ce da za a kankare, da wuya ya kai ƙaramar Sallah. Na kuma ji abin da Inna ta ce, wai ita ba ta roƙon komai sai ta ga fuskar angonta Abba da idonta kafin duhu ya rufe. Shi ya sa nake so ki karanta wannan ke kaɗai tukuna, kada ki fara karanta mata da ƙarfi yadda kika saba. Malam zai sauka Kano ranar sha bakwai ga Yuli kamar yadda aka yi booking, da kayanku duka. Ni da Abba ba ma cikin jirgin. Ki daure ki kai ƙarshen takardar kafin ki fara yi mini faɗa, na san halinki.

Kin tuna na sha ambata miki maƙwabtanmu Larabawa na flat ɗin ƙasa, wato ɗakunan da ke ƙarƙashin namu, Saliku da matarsa Mubaraka, amma ban taɓa ba ki labarinsu sosai ba. Mutanen Yammacin Sahara ne, wata ƙasa ta rairayi a bakin teku, tsakanin Maroko da Muritaniya, wadda Turawan Sifaniya suka riƙe shekara casa'in. Turawan nan dai da Kawu Nata'ala ya yi wa aikin koko a tsibirin Panya, su ne. Saliku da matarsa Musulmi ne, sallarsu irin tamu, har sakin hannu. Mubaraka lafaya take yafawa irin ta matan Maiduguri, ko a cikin sanyin Janairu, sai dai ta ɗora kwat a kai. Shi Saliku malamin awo ne a kasuwar kayan gwari ta nan Stratford, wajen wani mai shigo da tumatir daga tsibiran Sifaniya, kuma yana jin Turanci. Ita kuwa Turancinta bai fi cikin cokali ba, ni ma Larabcina na makarantar allo ne, amma da ɗan wannan da ɗan wancan da nuni da hannu muka yi shekara guda muna hira, har da gulma.

Duk ranar Lahadi bayan la'asar Saliku yakan hau sama da 'yar butarsa ya dafa mana shayi mai kumfa, kofi uku-uku, ba ya yarda a tashi sai an sha na ukun. A wurin shayin nan na ji tarihinsu. Ya ce da can Sifaniya ba ta damu da su ba, 'yan barikoki kawai ta kafa a bakin ruwa, sai da aka gano ma'adinin da ake yin takin zamani da shi a ƙarƙashin rairayin. Ya ce lokacin da mu muke 'yan firamare ana raba mana tuta da shinkafar bikin 'yancin kai, su cewa aka yi ƙasarsu ai lardi ne na Sifaniya, daga baya ma aka ba su katin shaida. A 1970 mutane suka taru a babban birninsu, Al'ayun, suna neman a ba su ƙasarsu, soja suka buɗe wuta. Wansa na cikin waɗanda aka kama, har yau yana ɗingishi. Bayan shekara uku samari suka shiga hamada da bindiga, su ne Polisario da kike ji a rediyo. Da Sifaniya ta ga ƙarfinta ya ƙare, sai ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ta yi alkawarin za a jefa ƙuri'a su zaɓi abin da suke so. Saliku ya gaskata, Allah sarki. Har sabuwar kwat ya saya ta komawa gida.

Ni da Mubaraka tare muka yi renon ciki, tare muka kwanta a asibiti ɗaya bayan ƙaramar Sallar bara. Na riga ta da kwana uku. Ita ta haifi mace, aka sa mata Galiya. Ranar da aka haife ta Saliku ya shigo ɗakin masu jego da rediyo a kunne yana ta murna, wai kotun duniya ta ce mutanen ƙasar su ke da ikon zaɓar makomarsu, har sai da nas ta kore shi saboda hayaniya. Da muka dawo gida, Tabitha, nas ɗin nan 'yar Kagoro da ke zaune a Dagenham, ita ta tsaya mini a madadin Inna. Kullum ta tashi daga aiki sai ta biyo ta tafasa ruwa a tukwane huɗu ta yi mini wankan jego, ta dama kunun kanwa da geron da kuka aiko. Na sha kunun nan har na gaji, nono kuwa ya zo kamar an buɗe famfo, Abba ko rabi ba ya shanyewa.

Murnar Saliku ba ta yi wata guda ba. A Nuwamba muka gani a talabijin, mutum dubu ɗari uku da wani abu sun taso daga Maroko da tutoci sun nufi iyaka. Tsohon sojan da ya daɗe yana mulkin Sifaniya yana kan gadon mutuwa, na kusa da shi kowa ta kansa yake yi, sai suka zauna a Madrid suka sa hannu aka miƙa ƙasar ga maƙwabta biyu. Ƙuri'ar da aka ƙirga mutane dominta kuwa, shiru kake ji. Jama'a suka fara gudu cikin hamada, har da mahaifiyar Mubaraka da ƙannenta. Mubaraka ta daina cin abinci, ta tare a gaban rediyo, cikin mako guda nononta ya ƙafe ƙaf. Aka gwada madarar gwangwani, Galiya ta ƙi kwalba, in ma ta sha sai ta amayar. Yarinya ta rame, kukanta ya koma kamar na mage. Wata safiya Mubaraka ta hau sama da ita, ta tarar da ni ina tatsewa a kwano ina zubarwa saboda ya yi mini yawa. Ta tsaya ta kalli kwanon, ta kalle ni. Ba ta miƙo ta haka kawai ba fa, Yaya. Sai da ta tambaye ni ko na san abin da hakan ke jawowa, ta ce kuma in nemi izinin Malam tukuna. Malam ya ce bismillah. Galiya ta kama, ta sha har ta yi barci a hannuna, uwarta na zaune a ƙasa tana hawaye. Daga ranar ni ke shayar da su biyun, Abba a dama, ita a hagu, har suka saba, in aka sauya musu wuri sai su yi ta mita.

Bayan babbar Sallah labari ya zo cewa Turawan Sifaniya suna kwashe kayansu, har matattunsu suka tono daga maƙabarta suka loda a jirgi. Wannan ya tsaya wa Saliku a rai fiye da komai. Ya ce sun tuna da ƙasusuwan nasu, amma rayayyun da suka ba katin shaida suka ce 'ya'yansu ne, sun bar su a titi. A Janairu ya ajiye aiki ya bi ta Aljeriya ya shiga cikin masu yaƙi. Kwat ɗin nan da ya saya tana nan rataye a bayan ƙofarmu. A Fabrairu, kwanakin da mu ma muke cikin juyayin kisan shugaban ƙasarmu a Legas, aka ce jirage sun yi wa masu gudun hijira ruwan wuta. A ƙarshen watan Sifaniya ta ce ita ta wanke hannunta, su kuma suka yi shelar jamhuriyarsu a tsakiyar hamada, ga mutanensu birjik a cikin tantuna.

A farkon Maris Mubaraka ta ce za ta tafi. An aiko mata cewa mahaifiyarta ta isa sansanin da ke kusa da Tinduf a Aljeriya da ƙuna a jiki, ba mai jinyarta, kuma mata ne ke riƙe da sansanin tun da maza suna bakin daga. Ta ce ba za ta kai Galiya inda ba ruwa ba magani ba, wata uku kawai za ta yi ta dawo. Ranar tafiyar ta dafa shayi da kanta, ta kira Malam da Tabitha da mijinta Kambai. Ta naɗe yarinyar a cikin wata baƙar lafayarta, ta ɗora mini a cinya, ta faɗa sau uku a gabansu cewa daga yau 'yata ce, ƙanwar Abba ce, duk inda na sa ƙafa ta sa. A nan ne, in faɗi gaskiya, Malam ya ce ya kamata a rubuta a takarda a sa hannu. Mubaraka ta yi wata irin dariya, ta ciro katin shaidarta daga jaka, mai hotonta da hatimi da komai. Ta ce ga takarda nan, ita ta ce mata 'yar Sifaniya ce, to a tambaye ta yau ina Sifaniyar take. Ta ce ita ta gama da takarda, nonon da 'yarta ta sha ya ishe ta shaida. Ni ma da wautata na taya ta, na ce wa Malam boko ya yi masa yawa, a garinmu wa ya taɓa rubuta takardar shayarwa? Aka sha kofi na uku. Kuskuren da muka yi ke nan, ni da ita, ban kuma ɗora wa kowa ba.

A Afrilu wani likita da ya je aikin agaji ya kawo mana 'yar takarda daga gare ta, layi shida da Larabci, Malam ya karanta mini. Ta sami mahaifiyarta da rai, ƙaramin ƙanenta ya rasu a hanya, Saliku ba labari. Ƙyanda ta shiga sansanin, kullum sai an binne yara, ita ke taimaka wa masu allura. Ta ce ko da wasa kada a kawo Galiya, kuma maganar wata uku ba za ta yiwu ba. Tun daga nan ba mu sake jin ɗuriyarta ba.

Ni duk wannan bai sa na ga wata matsala ba. A raina, Yuli na yi sai in goya ɗaya in rungumi ɗaya mu sauka Kano, in Mubaraka ta sami sarari ta iske mu a can. Sai da Malam ya je neman fasfon Galiya a watan Mayu aka ce sai da sa hannun uwa ko uba. Tun da a nan aka haife ta, a dokarsu 'yar ƙasar nan ce, ita kaɗai ce ma a gidansu mai ƙasar da duniya ta sani. Magana ta kai council, wato hukumar unguwa, aka turo wata mata mai kula da sha'anin yara, doguwa mai gilashi. Ke dai bari, Yaya, abin da na yi sai ya ba ki dariya. Na shirya kamar mai zuwa gaban alƙali. Na tara shaiduna, Tabitha ta ɗauki hutun rabin yini, Kambai ya bar aikinsa a kamfanin motoci, kowa ya faɗi abin da ya gani da abin da ya ji. Har cewa na yi in tana so ta zauna ta gani da idonta, lokacin shansu ya kusa. Matar ta saurara har ƙarshe, ba ta raina mu ba, ta rubuta komai. Sannan ta ce ta yarda da duk abin da muka faɗa, ta kuma ga yarinya cikin ƙoshi da tsabta, amma a dokarsu shayarwa ba ta mai da mace uwa. Za ta rubuta ni a matsayin mai riƙo, Galiya ta zauna a hannuna muddin ina ƙasar nan. Ranar da na tashi tafiya kuwa, in babu takardar uwa mai hatimin wata hukuma, council za ta karɓe ta.

Na kawo mata 'yar takardar Afrilu, ta ce ba ta ambaci tafiya Nijeriya ba, kuma ba hatimi. To hatimin wa? Sifaniya ta tafi, waɗanda suka shiga ƙasar su ne dangin Mubaraka suka guje wa, jamhuriyar tantuna kuma ƙasar nan ba ta san da zamanta ba. Mun aika takarda uku ta hannun masu agaji, da fom ɗin da za ta sa wa hannu a gaban wani jami'in Aljeriya. Wata ɗaya da rabi ke nan, shiru. Wataƙila gobe amsa ta zo, wataƙila sai baɗi, wataƙila kuma wadda za ta sa hannun ba ta da rai. Wannan na ƙarshen ban taɓa faɗarsa da baki ba sai yanzu da na rubuta miki.

Matar council ta kai ni na ga gidan da za a sa ta, wasu dattawa ne mata da miji a bayan gari, masu lambu. Na tafi da niyyar in samo musu aibi, wallahi ban samo ba. Gida tsaf, gadon jariri sabo, matar har ta tambaya me Musulmi ba sa ci, ta rubuta. Ta karɓi Galiya ta yi mata wasa, yarinyar ta yi dariya ta kama mata sarƙar wuya. Da mugaye ne da abin ya zo mini da sauƙi. Na tambaya, in uwarta ta dawo bayan shekara biyar fa? Aka ce sai kotu ta duba abin da ya fi wa yarinya a lokacin. Na gane nufinsu. Yarinyar da ba ta jin Larabci, ba ta san alƙibla ba, ba ta taɓa ganin mai lafaya ba, ita za a tambaya ko tana son bin baƙuwa zuwa tanti.

Washegari takardarki ta iso da maganar idon Inna. Kwana uku ni da Malam ba mu yi maganar kirki ba. Shi dole ya koma, gwamnati ce ta turo shi, ranar ɗaya ga Agusta ake jiransa a ma'aikatar ilmi. Ya ce Inna ta fi kowa haƙƙi a kaina, ya ce shekara bakwai ta yi tana addu'ar in haihu, ya ce da wace fuska zai shiga gidanmu hannu rabbana ya dubi tsohuwa. Duk gaskiya ya faɗa. Ni kuma na ce masa ai shi ya ce bismillah, na ƙara da wasu maganganun da tuni na ba shi haƙuri a kansu. Ya je ya tambayi wani malami ɗan Sudan a masallaci, malamin ya ce shayarwa ta haramta aure tsakanin yaran har abada, amma in dole ta sa muka miƙa ta ga hukuma ba mu da zunubi. Na so a ce haramun ya ce, da na huta, sai in ce addini ne ya tsare ni. Mun duba ko Malam ya taho da Abba shi kaɗai, yaron da bai san komai ba sai nono da ɗan kunu, Malam da kansa ya ce a'a. Mun duba ko in zo na mako biyu in koma, sai aka ce izinin zamana a jikin karatun Malam yake, in na fita ba tabbas a bar ni in sake shigowa.

Kin san abin da ya yanke maganar? Leshin Luba. Ina ninke shi zan sa a akwati, sai na tuna ranar da muka yi faɗa da ita a kan 'yar tsana, ina 'yar shekara tara, na ce mata ai ita ba 'yar gidanmu ba ce, uwarta maƙwabciya ce ta mutu aka kawo ta. Kina wurin. Inna tana tankaɗe, ta taso da gari a hannunta ta sharara mini marin da har yau in na tuna sai kunnena ya yi ƙara. Ta ce nonon da na sha shi Luba ta sha, in Luba ba 'yarta ba ce to ni ma ba 'yarta ba ce, in zaɓa. Na zauna a bakin gado da leshin a hannu na yi kuka mai isata. Da Malam ya shigo na ba shi labarin. Sai ya sa takalmi ya hau tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, ya je ofishin jirgin sama aka soke tikitina.

Ga yadda aka tsara. Ranar da Malam zai tashi za mu koma Dagenham gidan Tabitha, sun ba mu ɗakin sama. Ta samo mini gurbin kwas na renon yara da zai fara a Satumba, da shi za a nemi ƙarin izinin zama, sai dai fasfona zai kwana a ofishinsu wata uku ko huɗu. Na bar adireshin Dagenham wajen mai gidan da muke haya a Stratford da wajen masu tumatir a kasuwa, Malam kuma ya rubuta shi da Larabci mun liƙa a ƙofar flat ɗin ƙasa, ko da wani zai zo nema. Ranar da takardar Mubaraka ta iso, ko ita kanta, zan fara ɗaure kaya. Ba zan yi miki ƙarya in sa rana ba.

Yaya, ina jin tsoro, kuma ina jin kunyar Inna. Na san abin da kike tunani yanzu, ni ma shi nake tunani: da wuya mu iso idon yana gani. In haka ta faru, ni na hana ta abin da ta roƙa, ba zan laɓe a bayan Sifaniya ko council ba, kuma abin zai zauna mini a rai har in mutu. Abin da nake roƙonki, kada ki ce mata karatu ne ya riƙe ni ko rashin jirgi. Ki zaunar da ita bayan ta karya, Luba na kusa, ki faɗa mata yadda yake tun daga farko. In ta yi fushi tana da gaskiya, ki rubuto mini duk abin da ta ce, kada ki rage ko ɗaya. Ki kuma shaida wa dangi, maza da mata, cewa Abba yana da ƙanwa ta nono mai suna Galiya 'yar Saliku, haramun ce gare shi da duk ɗan da zan haifa, don kada a manta ko bayan ba mu.

Ki gaishe mini da Alhaji da kyau, ki ce ya yi haƙuri da ɗawainiyar zuwa filin jirgi. Ki gai da Saudatu, na ji an ce ta shiga aji huɗu, da sauran yara duka. Ki gai da Kawu Nata'ala, ki ce ya daina maganar komawa Panya, ya zauna ya huta. Ki gai da Luba, ki ce leshinta shuɗi ne yadda ta so, kuma ta yafe mini maganar 'yar tsana ko da ta manta. Tabitha da Kambai suna gaishe ku, Malam ma yana gaisuwa sai ya iso.

Na sa hoto a cikin ambulan ɗin nan. Jiya muka ɗauka a shagon mai hoto, na ce ya yi shi babba yadda fuskoki za su fito. Kada ki jira Malam ya iso, Yaya, kada ma ki bari sai jibi. Ki fito da Inna bakin ƙofa da hantsi, lokacin da haske ya fi, ki riƙe mata shi ta gefen idon dama, ki bar ta ta kalla iya son ranta. Na hannun damana shi ne angonta, ga haƙoransa biyu nan. Ta hagu, wadda ta damƙe baƙar lafaya ta ƙi saki, ita ce Galiya. Ki ce mata jikokinta biyu ne a London, kuma ita ta koya mini ƙirga su haka.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Shafa'atu.